Motar da ba ta shan ruwa

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma na san wasu har sun fara cewa bakanike ya samu fili, yau za mu sha zancen ƙarfe. Ku yi haƙuri da ni. Zancen ƙarfen ne, amma akwai mahaifina a ciki, akwai kuma wani laifi nawa da na daɗe ina riƙe da shi a ciki.

A garejin Baba, Allah Ya jiƙansa, akwai wani shafin kalanda da ya fi ni daɗewa a wurin. Shekararsa ta wuce tun ban san kaina ba, amma Baba ya yanke hoton ya manna a jikin allon da yake rataye sifanu. Hoton wata mota ce kwance a ƙasa kamar kadangare, launinta shuɗi mai haske da ratsin ruwan lemo, an ɗauke ta daga baya ta sama-sama, har ana hango wani abu zagayayye a tsakiyar injinta. Baba gyaran Bosuwaja yake yi, Bitil da Kombi, tun zamanin da ake harhaɗa su a Legas daga 1975. Bai yi boko ba. Duk wanda ya tambaye shi hoton mene ne, sai ya nuna zagayayyen abin nan da bakin sukundireba ya ce, "Ka ga fanka? Wannan yayar Bitil ce. Ita ma ba ta shan ruwa."

Da na shiga foliteknik na fara jin kaina, na taɓa yi masa dariya a gaban yaransa. Na ce Baba, wannan motar tsere ce ta Turawa, ina ita ina Bitil mai tafiyar kunkuru? Bai ce mini komai ba, ya ci gaba da wanke kafireto. Sai bayan shekaru da yawa, da intanet ta zo hannu, na nemi motar na gano sunanta Porsche 917, na kuma gano cewa tsohon nan da bai iya karanta rubutun da ke ƙasan hoton ba ya fi ni gaskiya. Wanda ya jagoranci ƙera ta, Ferdinand Piëch, jika ne ga Ferdinand Porsche, mutumin da ya zana Bitil. Injinta kuwa, kamar na Bitil, kwance yake, kuma iska ce ke sanyaya shi, babu lagireton ruwa. Dangantakar ta jini ce.

Bari in ba ku labarin motar kamar yadda na fahimce shi, don sai da shi za ku gane nawa.

Akwai tseren da ake yi duk shekara a Le Mans ta ƙasar Faransa, awa 24 ba tsayawa sai shan mai da canjin direba. Wanda ya fi kowa cin nisa shi ya ci. A wancan lokacin hanyar tana da wani miƙaƙƙen titi na kusan kilomita 6, babu kwana, mota na sakin duk abin da Allah Ya hore mata. Manyan motocin Ford masu injin lita 7 sun yi ta cinye tseren da gudun da ya tsorata hukuma, sai aka sa doka daga 1968: motar gwaji, wadda aka ƙera don tsere kaɗai, kada injinta ya wuce lita 3. Amma aka bar wata ƙofa. Idan kamfani ya ƙera mota iri ɗaya har guda 50, ana ɗaukarta a matsayin ta sayarwa, tana iya kai wa lita 5. Daga baya aka rage adadin zuwa 25, da tunanin a taimaki ƙananan kamfanoni masu tsofaffin motoci. Ba wanda ya zaci akwai mai ƙarfin halin da zai zauna ya ƙera sababbin motocin tsere 25 a tashi ɗaya.

Piëch ya yi. Kamfanin Porsche a lokacin ƙarami ne, kuma bai taɓa cin Le Mans gaba ɗaya ba. Cikin ƙasa da shekara guda suka zana motar suka nuna ta a kasuwar baje kolin motoci ta Geneva a watan Maris 1969, da farashin Mak 140,000 na Jamus, kuɗin da ya kai na motocin 911 kusan goma. Da masu duba na hukuma suka zo karon farko suka tarar da 'yan kaɗan ne aka gama haɗawa, saura kayan gyara ne a jibge, suka ce ba su yarda ba, motoci suke son gani. A watan Afrilu aka jera musu guda 25 reras a harabar masana'antar da ke Zuffenhausen, a birnin Stuttgart. Ku lura da wannan: an ƙera 25 ɗin ne kafin a gama gwada ko guda ɗaya yadda ya kamata. Za mu dawo kansa.

Injin shi ne aikin da ya fi burge ni, kuma Hans Mezger ne ya zana shi. Silinda 12, shida a dama shida a hagu, kwance suna fuskantar juna, lita 4.5, ƙarfin doki 580. Ku tuna Bitil ɗin da Baba ke gyarawa silinda 4 gare ta, ƙarfinta bai fi na doki 50 ba. Matsalar injin mai silinda 12 a jere biyu ita ce karanshaf ɗinsa dogo ne. Dogon ƙarfe idan yana juyawa sau dubu takwas a minti yana shan duka daga fistin goma sha biyu, murɗewa yake yi yana warwarewa kamar igiya, kuma a bakin nan biyu murɗawar ta fi tsanani. Duk wanda ya taɓa ɗaukar doguwar gora a kafaɗa ya san bakinta ne ke lilo, tsakiyar da ke kan kafaɗa a natse take. To duk injin da muka sani daga ƙarshen karanshaf ake ɗaukar ƙarfinsa zuwa kuloci. Mezger ya ce a'a, a tsakiya zai ɗauka. Ya sa haƙorin giya a tsakiyar karanshaf, inda babu lilo, daga nan ƙarfin ke sauka kan wani sandan ƙarfe da ke kai shi giyabos, daga nan kuma ake juya kamshaf da fankar nan da Baba ke nunawa. Fankar a kwance take a saman injin, tana tura iska ƙasa ta tsakankanin haƙarƙarin silinda. Ba fambel ke juya ta ba, giya ce. Wanda ya taɓa tsayawa a daji da Bitil saboda tsinkewar fambel zai gane hikimar.

Sai maganar nauyi. Doka ta ce kada motar ta gaza kilo 800, Piëch kuwa ya ɗauki kowane giram a matsayin abokin gaba. Ƙashin motar, wato shasi, an saƙa shi ne da siraran bututun alminiyam da aka yi wa walda, kuma duka nauyinsa kilo 42 ne. Buhun siminti ɗaya ya fi shi nauyi. A kan wannan aka ɗora injin mai ƙarfin doki 580 da ɗan Adam. Bodin faiba ne, siriri. Kan giyar hannu na katako ne. Makullin ma sai da aka huda shi. Maimakon a sa tiyo ya kai baƙin mai gaba inda ake sanyaya shi, sai aka bi da man ta cikin bututun shasin kansa. Direba kuwa an tura shi gaba sosai har ƙafafunsa sun wuce layin tayoyin gaba, wato idan aka yi karo, ƙafarsa ce bamba.

Amma ga abin da ya tsaya mini a rai. Injiniyoyin sun san waldar alminiyam tana tsagewa idan ta sha jijjiga, kuma tsagar ba ta cika ganuwa da ido ba. Sai suka toshe bututun shasin suka cika shi da iskar gas, suka sa masa bakin gwaji irin na taya. Idan aka auna aka ga iskar ta ragu, to akwai tsaga a wani wuri, ko an gan ta ko ba a gan ta ba. Mutanen nan ba su yaudari kansu cewa aikinsu ba zai tsage ba. Sun yarda zai tsage, suka nemi hanyar da zai faɗa musu da wuri.

Duk da wannan basira, motar da ta fito a 1969 mugun abu ce. An yi mata doguwar jela mai santsi don ta ratsa iska a miƙaƙƙen titin Le Mans, kuma ta ratsa, tana wuce kilomita 320 a awa. Sai dai a wannan gudun bayanta sauƙi yake yi, tana yawo daga wannan gefen titi zuwa wancan ba tare da direba ya juya sitiyari ba. Direbobin kamfanin da kansu suka riƙa gudunta suna zaɓar ƙaramarta, 908. Aka yi ta zargin shasi, aka yi ta canza sifirin da shokazoba, abin bai gyaru ba. Kuma tunda an ƙera 25, dole a sayar da wasu a mayar da kuɗi. Wani Baturen Ingila mai tsere da aljihunsa, John Woolfe, ya sayi ɗaya ya shiga Le Mans ta 1969 da ita. Bai gama zagayen farko ba. Ta ƙwace masa a wurin da ake kira Maison Blanche, ta tarwatse, ta jefar da shi waje, ya mutu.

A wannan ranar ce Jacky Ickx ya ƙi bin al'adar da aka saba, inda direbobi ke rugawa a guje su tsallaka titi su faɗa mota su tashi, da yawansu ba tare da sun ɗaura bel ba. Shi takawa ya yi a hankali, ya zauna, ya ɗaure, ya tashi a ƙarshe. Washegari shi ya ci tseren da tsohuwar Ford GT40, da tazarar kimanin mita 120 tsakaninsa da Hans Herrmann. Ita kuwa 917 da ta jagoranci tseren tsawon sa'o'i, ta mutu saura awa uku a tashi.

Maganin ya fito ne a watan Oktoba na shekarar, wajen wani gwaji a Zeltweg ta ƙasar Ostiriya. Porsche ta ɗauko tawagar John Wyer ta Ingila, masu launin shuɗi da ruwan lemon nan na hoton Baba, su riƙa yi mata tsere. Injiniyansu John Horsman ya zagaya motar bayan ta dawo daga gudu, sai ya lura da wani abu. Gaban motar da gilas duk ƙananan ƙwari ne sun manne, amma fikafikan da ke can ƙarshen jela kusan tas suke. Idan ƙwaro bai bugi wuri ba, iska ba ta bi ta wurin ba. Wato iskar da ya kamata ta danne bayan motar a ƙasa wucewa take ta sama. Nan take aka samo fallayen alminiyam, aka yanka, aka ɗaga bayan ya zama kamar gangara mai hawa, aka manna. Brian Redman ya fita da ita ya dawo da wata mota daban. Har yau ana ja-in-ja tsakanin ɓangaren Ingila da na Jamus kan wa ya fi hannu a gyaran, amma daga nan aka samu mai gajeriyar jela, 917K. Ta rasa ɗan gudu a miƙe, ta samu natsuwa a ko'ina.

A ranar 14 ga Yuni 1970, cikin ruwan sama da ya kori yawancin motoci, Hans Herrmann da Richard Attwood suka ba Porsche nasararta ta farko a Le Mans, da ja da farar mota mai lamba 23. Ba ita ce mafi gudu a cikin 'yan uwanta ba, ƙaramin injin lita 4.5 suka zaɓa, daga ta 15 suka tashi. Herrmann ya yi wa matarsa alkawarin idan ya ci zai bar tsere, kuma ya cika. A 1971 Helmut Marko da Gijs van Lennep suka sake ci da wata mai shasin magnesiyam, suka yi kilomita 5,335 cikin awa 24, nisan da ba a karya ba sai 2010. Daga 1972 hukuma ta rufe ƙofar lita 5 ɗin.

To, yanzu ga nawa.

Bayan ƙarfin Baba ya fara ja baya ni na karɓi garejin. Bitil ta ƙare a titi, muka koma gyaran bas-bas na haya. Wata shekara, saura kwana uku Babbar Sallah, wani direba ya kawo bas ɗinsa shasin ya tsage a baya, daidai inda sifirin ke kamawa. Ya ce, "Oga, ka rufa mini asiri. Kwana ukun nan su ne shekarata, kuma mai motar balas yake jira." Na sa aka yi walda a kan tsagar, aka goge, aka shafa baƙin fenti. Ya yi kyau a ido.

Baba a lokacin zuwa kawai yake ya zauna a benci da carbinsa. Ya taso a hankali, ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashin motar. Bai dubi waldar ba. Ɗaya gefen ya duba, wanda ba a kawo ƙararsa ba. Ya shafa da yatsa ya nuna mini wata jar ƙura, siririya kamar zare, a gefen kusa. Ya ce, "Ƙarfe ba ya fitar da wannan sai yana cin kansa. Nan ma a tsage yake. Ka sauke sifirin ka wanke da kananzir ka shafa alli." Dabararsa ce ta tun da: kananzir na shiga tsagar da ido ba ya gani, idan ka goge ka shafa alli, sai ya tsattsafo ya zana maka layin tsagar a kan farin. Aikin wuni guda ne, in an samu tsagar kuma wani wunin.

Na ce, "Baba, tsatsa ce kawai." Na san ba tsatsa ba ce kawai. Na karanta gajiyar ƙarfe a makaranta, har jarrabawa na ci a kanta. Amma akwai motoci huɗu a layi, direba na tsaye a kaina, ni ma ina da ragon da ban gama biya ba. Baba ya dube ni ya ce, "Motar taka ce ko tasa, mutanen ciki na waye?" Ya koma bencinsa. Na karɓi kuɗi na ba da makulli.

Ranar jajibiri da yamma aka kira ni. Gefen da Baba ya nuna ne ya balle, da lodi, a kan gudu. Gatarin baya ya goce, motar ta kwanta a gefen titi. Allah Ya taƙaita, ba a rasa rai ba. Fasinjoji suka samu raunuka, amma yaron motar, wanda bai fi shekara goma sha tara ba, yana bakin ƙofa, ƙafarsa ta shiga ƙarƙashi. An yi ɗori, an je asibiti, ƙafar ba ta koma daidai ba. Kowa ya ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Direban ma da ya zo bai zarge ni ba, ai inda na yi walda bai karye ba. Mutum biyu ne kawai a duniya suka san abin da aka gani a ƙarƙashin motar nan.

Baba bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya koma ga Allah. Abin da ya yi kawai, bayan Sallah da muka buɗe gareji, na tarar da kwalin alli sabo a kan teburina.

Na yi imani da ƙaddara, kuma ba ina jayayya da ita ba ne. Amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali, ni kuwa an nuna mini igiyar a hannu na ƙi ɗaurawa. Shi ya sa idan na karanta labarin 917 ba na iya tsayawa a gefe guda. Ina jinjina wa Piëch da Mezger, don ƙarfin hali da basira irin tasu ba kullum ake samu ba. Kuma ina ganin kaina a cikin gaggawar da ta sa aka jera motoci 25 kafin a san halin guda ɗaya, aka miƙa wa mai kuɗinsa makulli. Mutanen da suka yi tunanin cika shasi da gas don kada tsaga ta ɓoye musu, su ne dai lokaci da kuɗi suka matsa wa har motar ta fita ba ta nuna ba. Sani bai hana su ba, kamar yadda bai hana ni ba. Abin da ya gyara motar a ƙarshe shi ne wani ya tsaya ya dubi gawar ƙwari, ya kuma yarda da abin da ya gani ko da ya saɓa wa lissafin manya. Baba irin wannan idon gare shi. Da shi ya gane yayar Bitil a jikin kalanda, da shi ya ga jar ƙura.

Yau a garejina duk motar haya da ta shigo da matsalar shasi, gefe biyu ake saukewa, a wanke da kananzir, a shafa alli. Wanda ba zai iya jira ba ina ba shi haƙuri in nuna masa hanya. Na rasa kwastomomi a kan haka, musamman gab da Sallah, kuma wasu yarana na ganin tsufa ne ya fara kama ni. Hoton nan yana nan a jikin allo, ya koɗe har shuɗin ya koma fari-fari. Sabon yaro idan ya tambaya, nakan nuna masa fankar in faɗa masa abin da Baba ke faɗa.

Yaron motar nan yanzu magidanci ne, yana da teburin sayar da baƙin mai da man birki a bakin tasha. A wurinsa nake sayen na gareji duk da akwai inda ya fi araha, kuma ya ɗauka kirki ne kawai irin nawa. Duk sanda na je sai ya dogara da sandarsa ya miƙe, ya ce, "Injiniya, barka da zuwa." Sau uku ina shirya abin da zan faɗa masa, ina isa sai in tambayi farashin galan. Na rubuta wannan ne don in rufe wa kaina hanyar gudu, tunda yanzu kun sani. Ranar Juma'a in Allah Ya kai mu zan je, bayan an sauko daga masallaci. Ku sa ni a addu'a, ku kuma sa Baba.